Hancin da Na Ɓoye wa Likita a Injamena

Na ƙetare gadar Kusuri na shiga Injamena ranar wata Laraba da hantsi, da jakunkuna biyu da babu komai a cikinsu, da murya wadda ta fara dushewa. Zuwana na bakwai ke nan. Sana'ata humra da turaren wuta: in saro a Chadi, in kai Azare, in raba wa masu gyaran amare da matan da ke saye kwalba-kwalba. Ba wanda ya ɗora ni a kan wannan hanya. Da faranti ɗaya na kajiji na fara a ƙofar gida bayan rasuwar mijina, har Allah Ya sa na san hanyar ƙetare. Ban yi nisa a boko ba, saboda haka duk cinikina da baki nake yi. In danna waya in yi magana, saƙon murya ya tafi Bauchi, ya tafi Jos, a amsa mini da murya. Wanda ya san wannan ya san abin da dushewar murya take nufi a wurina.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara huɗu ke nan hancina ba ya jin ƙanshi. Da majina ya fara, mai kauri, wadda ba ta ƙarewa. Daga baya ta riƙa bushewa tana yin ɓawo a ciki, wani lokaci da ɗan jini, sai na wayi gari albasa da miski duk ɗaya ne a wurina. Mai sayar da turare da ba ta jin ƙanshi, ai ta zama makauniya mai sayar da atamfa. Sai na ɓoye. Kullum ina wanke hancin da ruwan gishiri, in shafe jikina da humra, in ja mayafi har bisa baki. Kaya kuwa da ido nake saye. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in dubi kauri, in dubi yadda mai ke kwanciya a gindin kwalba, in shafa a bayan hannu in kai hanci kamar mai shinshinawa, alhali fuskar mai kayan nake karantawa. Kuma kwalbar farko, ko daga Aljanna aka sauko da ita, sai na yatsine fuska.

A unguwar Habbena nake sauka, gidan Hajja Ashe. Bahaushiya ce haifaffiyar can. Kakanninta Katsinawa ne da suka taso za su Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogi, suka zauna. Mijinta mahauci ne, ita kuma humrarta ta yi suna har Kusuri. Ta girme ni da kusan shekara goma. Hausarta a cakuɗe take da Larabci, kuma ita ce bakina a garin, domin ni ban iya komai ba bayan gaisuwa.

Ina yin sallama ta ɗago kai daga kan turmin da take daka farcen turare.

"Maman Ummi, wa ya shaƙe ki a hanya? Muryar nan kamar ta tsohon zakara."

"Ƙurar mota ce, Hajja."

"Ƙurar mota ko tsegumi? Zauna a kawo miki shayi."

Na sha shayi da citta kwana biyar, murya ba ta dawo ba. Matan gidan suka ce hayaƙin turare ne, kowa da ke wannan sana'a yana yi. Hajja ta hana ni zuwa kusa da kasko. A mako na biyu na lura in na ɗauki bokitin wanka daga rijiya zuwa banɗaki sai na tsaya na huta, kuma in na ja numfashi akwai wata 'yar ƙara siririya da ke fita daga wuyana, kamar iska na bin tsagar ƙofa.

Wata maƙwabciya ta ce a kai ni wata unguwa wurin wani wanzami da ta yaba ƙwarai. Ni da Hajja muka hau babur muka je. Dattijo ne mai tsabta, zabirarsa a shimfiɗe, aska da ƙaho kowanne a wurinsa. Ya danne mini harshe da ɗan itace, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Belu ne. Ya sake tsirowa, ya kwanta a kan murya. Yanzu zan cire."

Ni kuwa na san tun ina kwana bakwai a duniya aka cire mini belu, kuma a ranar da safe na buɗe baki a gaban madubi na ga wurin fayau. Na yafito Hajja na raɗa mata ta tambaye shi me zai yanka, tun da babu abin.

"Saiwarsa," in ji shi, bai ko ƙifta ido ba.

Na ja mayafina na miƙe. Na san idon mutumin da ya ƙudura sai ya sayar maka da abu, ko yana da shi ko ba shi da shi, domin nima na sha yin irin wannan idon. A hanya Hajja ta yi ta dariya har mai babur yana waiwayowa. Ta ce, "Saiwa. Sai ka ce rogo."

Ban tsira daga mai tallan magani ba, irin waɗanda suke yawo da akwati a bayan keke, mutanen garin na kiran su Dokta Shuku. Ya ba ni ƙwayoyi ja da rawaya a ƙullin leda, na kwana biyar. Gaskiya na ɗan ji sauƙi, har na yi wa 'yata Ummi saƙo. Da suka ƙare, abin ya dawo ya fi da. Ummi ta kira ni tana cewa, "Umma, masu sayen kaya sun dame ni, sun ce kin daina amsa musu. Wai ko kin samu manyan masu saye kin manta da su." Na buɗe baki in ce mata ta ba su haƙuri, iska kawai ta fita. Na ji tana ta "Umma? Umma?" har na kashe wayar. A ranar na yi kewar gida irin wadda ban taɓa yi ba. Ba abinci na tuna ba, ba ɗakina ba. Tsakar gidanmu na tuna, inda in na ƙwala wa Ummi kira har maƙwabta sai sun ce Maman Ummi ta tashi.

Mijin Hajja ya ce a bar wasa, akwai wani ƙaramin asibiti a Gassi da ɗan abokinsa ke aiki. Gassi can bayan gari ne, inda ake ta sababbin gine-gine. Ƙaramar bas muka shiga, aka cusa mu kamar buhunan gawayi. Tun ba mu yi rabin hanya ba numfashi ya fara gagarata. Wata mata 'yar kudancin ƙasar, da gicciye a wuyanta da kwandon busasshen kifi a cinya, ta dube ni ta yi wa direba magana da ƙarfi. Ya tsaya. Ta fita ta ba ni wurinta na bakin taga, ta koma tsakiya, ta cire murfin kwandonta tana yi mini fifita har muka isa. Duk motar suna toshe hanci saboda kifin, ni kaɗai ce ban damu ba. Ban san sunanta ba, kuma ko godiya ban iya furtawa ba. Hannunta na riƙe.

Likitan Gassi saurayi ne mai natsuwa. Yana tambaya da Larabci, Hajja na juya mini, ni ina raɗa mata amsa. Kina tari? Kaɗan. Kin rame? A'a. Kina zufa in kin kwanta? A'a. Kina aiki cikin hayaƙi? E. Sai ya ce wani abu yana nuna hancinsa.

"Ya ce hancinki fa? Yana toshewa? Kina majina? Kina jin ƙanshi yadda ya kamata?"

Na dubi Hajja. Matar nan zuwa biyar ina ɗaukar humrarta ina kaiwa hanci ina cewa ta yi sanyi, ba ta kai ta bara ba. Na ce a raina, ciwon a wuya yake, me ya kawo hanci? In na faɗa, kafin la'asar duk masu humrar Habbena sun ji, kuma daga ranar duk ruwan da aka zuba wa kala aka miƙo mini sai in saya.

"Lafiyarsa ƙalau," na raɗa.

Hajja ma har ta ƙara da nata: "Wannan? Hancinta ya fi na kare. Ni na san wuyar da nake sha."

Likita ya yi dariya ya wuce wurin. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirjina, aka gwada majinar tari don neman tarin fuka, domin ya ce wani lokaci yakan kama maƙogwaro. Muka yi zuwa uku a wannan doguwar hanya kafin sakamako ya fito: babu. Ya ce to wataƙila hayaƙi ne da tsamin ciki da ke tasowa, ya ba ni magani na mako biyu, ya ce in bai yi ba zai tura ni babban asibiti. Ban ga laifinsa ba. Da abin da na ba shi ya yi aiki.

Mako biyun ba su cika ba. Wata safiya ina alwala na sunkuya, na ɗago, iska ta ƙi shiga. Na dafa bango ina ja, ƙarar da ke fita daga wuyana har ta firgita kajin gidan. Hajja ta fito da gudu ba ɗankwali. Ta aika aka samo mota.

A babban asibitin cikin gari aka yi mini allura, aka sa mini abin shaƙar iska, numfashi ya ɗan daidaita. Da rana aka kai ni wurin likitar kunne da hanci da maƙogwaro. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura a goshi, da fitila ɗaure a kanta. Ta kama harshena da ƙyalle, ta ɗumama wani ɗan madubi mai dogon hannu, ta zura shi can ciki ta ce in ce "iii". Ta daɗe tana kallo. Da ta gama ta zana wani abu a takarda ta nuna wa Hajja, suka yi magana mai tsawo. Na ga fuskar Hajja ta canza.

"Faɗa mini duka," na raɗa. "Kada ki rage."

"Ta ce a ƙarƙashin wurin da murya ke fita akwai kumburi mai tauri, ya zagaye hanyar iska. Ƙofar da ta rage ba ta fi bakin kwalbar turare ba. Ta ce ba ta san ko mene ne ba tukuna. Zai iya zama ciwon daji. Sai an sa ki barci an yanko ɗan nama daga wurin an duba. Amma da yake hanyar ta ƙuntata, wataƙila sai sun fara huda miki wuya nan," ta taɓa ƙasan maƙogwaronta, "sun sa bututu da za ki riƙa numfashi ta ciki."

"Murya fa?"

Hajja ta mayar wa likita tambayata. Likita ta buɗe tafin hannu. Wannan ba ya bukatar fassara.

Sai likita ta ajiye madubin ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ta nufo hancina da shi. Ban san lokacin da na kawar da kai ba. Ta tsaya, ta dube ni ta saman tabarau, ta yi tambaya a hankali.

"Ta ce me ya sa?"

Na sha yin ciniki mai zafi, amma ban taɓa auna abu biyu da sauri kamar ranar ba. Na ga dai sana'a da hanci ake yin ta, amma da rai ake zuwa kasuwa. Kuma da yake ba ni da murya, ba yadda zan faɗa daga nesa ina kallon bango. Dole na kamo kafaɗar Hajja, na jawo kunnenta har bakina.

"Hajja, hancina ba ya jin komai. Yana ɓawo, yana jini. Ki gaya mata."

Ba ta janye kunnen ba. "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Ta miƙe zaune sosai. Ta gyara lafayarta a kafaɗa. Sannan ta juya ga likita ta faɗa mata, kuma ko da yake ba na jin Larabci, na san ba ta rage ko kalma ɗaya ba, domin na ji "arba'a", wato huɗu, ta fito sarai.

Likita ta buɗe hancin ta haska. Ta yi wata 'yar ƙara a maƙoshi irin ta wanda ya tsinci abin da yake nema. Ta yi ta tambaya: da majina ya fara? Tana wari? Na sha wani magani? Na ba da labarin ƙwayoyin mai keke. Ta gyaɗa kai.

Hajja ta fassara tana kallon ƙasa. "Ta ce irin naman da ke wuyanki, ga shi nan a cikin hanci. Ta ce abin da ya yi shekara huɗu yana tafiya a hankali daga hanci zuwa wuya ya fi kama da wata ƙwayar cuta da ba a cika gani ba. Ba ta yi alkawari ba. Amma yanzu daga hanci za ta yanki naman, ba sai an sa ki barci ba, ba sai an taɓa wuyan ba tukuna. Ta ce da an san wannan tun a Gassi, da tuni an turo ki."

Nan take aka kashe wurin da allura aka yanki ɗan nama kamar ƙwayar gero, aka kuma shafo majinar a wani tsinke. Aka ba ni gado, domin likita ta ce ba za ta bar ni in yi nisa da ita ba sai hanyar ta buɗe, kuma in ta ƙara ƙuntata to ba makawa sai an huda. Hajja ta raka ni har gadon, ta ajiye mini butata da dardumata, ta fita ba sallama.

Washegari ba ta zo ba. Jibi ma haka. Matar da ke jinyar mahaifiyarta a gadon kusa da ni ta lura ba mai kawo mini abinci, sai ta riƙa zuba mini kunu a murfin kwanonta, tana cewa "Ashrabi, ashrabi," wato in sha. Da hannu muke hira.

Rana ta uku da hantsi sai ga Hajja da kwano a ɗaure cikin ɗankwali. Ta zauna a bakin gadon ta ba ni gefe.

"Kunun gyaɗa ne. Sha tun da zafi. Ba sai kin shinshina ba."

Na sha. Ta bar ni na kai rabi.

"Shekarar da kika fara ce mini humrata ta yi sanyi, ban yi barci da daɗi ba. Haɗin uwata ne, ita ma na uwarta. Na ce ko hannuna ne ya lalace. Na ƙara sandal. Kika dawo kika ce har yanzu. Na rage mahalab, na canza mai sayar mini da farce, mutumin da muka yi shekara ashirin tare. Wata tsohuwar mai sayena ta ce, Ashe, wannan ba humrar gidanku ba ce, ta daina zuwa. Na ce ita ba ta sani ba, 'yar Najeriya ta fi ta hanci." Ta juyo ta dube ni. "Ragin da kika yi ta yi mini bai dame ni ba, kasuwa ce, nima ina yi wa wasu. Amma kin sa na taɓa haɗin uwata a kan maganar hancin da ya mutu."

Na raɗa, "Ki yafe mini, Yaya."

"Ba na ji."

Na sake ƙoƙari.

"Na ce ba na ji. Ki warke tukuna ki faɗa da ƙarfi, a gaban matan gida. Kalas, magana ta ƙare. Shanye kunun."

Sakamako ya ɗauki kwana goma sha biyu. Likita ta zo da takardar da kanta. Ba daji ba ne. Ta kira sunan ciwon da Faransanci, sikilerom, ta sa na maimaita har na riƙe. Ta ce ƙwayar cuta ce da ke zama a hanci shekara da shekaru, tana sa nama ya yi tauri, wani lokaci ta gangara maƙogwaro. Tana ɓuya a cikin naman, shi ya sa maganin kwana biyar yake taɓa ta kawai ya bar ta. Ta rubuta mini ƙwayoyi na wata shida, ta ce ko na ji na warke sarai kada in tsaya, kuma in riƙa dawowa tana dubawa, domin ciwon yakan komo. Ta ce ba ya saurin kama wani, amma in sa a duba hancin 'yata. Game da murya ta ce kumburi zai sauka, tabo kuwa ba ya sauka, sai abin da muka gani. Ƙanshi kuma kada in sa rai sosai.

Ba a huda wuyana ba. A mako na uku ƙarar numfashin ta ɓace, aka sallame ni na koma Habbena. A mako na shida, ina shanya a tsakar gida, akuya ta sa kai cikin kwanon kajiji, na ce "kai" ba tare da tunani ba, sai na ji sauti ya fita. Mai kauri ne, a shaƙe, kamar na namiji mai mura, amma sauti ne. Na kira Ummi. Ta ce, "Wa ke magana?" Na ce uwarki ce. Ta fashe da kuka, ni kuma na ce ta bar kuka ta ba ni labarin masu sayen kaya.

Da yamma matan gida suna zaune ana tsintar itacen turare, na tsaya a gabansu na faɗi abin da na yi, da wannan muryar, ba tare da na rage ba. Na roƙi Hajja gafara. Ta ce, "To, yanzu na ji. Allah Ya yafe mana." Wata daga cikinsu ta ce ashe shi ya sa ranar da miya ta ƙone ina zaune kusa da murhu ban motsa ba.

Muryar ba ta koma yadda take ba har yau. Ba na iya ƙwala kira, kuma in na yi saƙo biyar a jere sai na huta. Masu sayena sun saba. Hancin yana buɗe, ba ya jini, amma ƙanshi bai dawo ba, sai hayaƙi mai ƙarfi nake ɗan ji can nesa.

Ranar da zan koma gida Hajja ta shimfiɗa tabarma ta ajiye kwalabe biyu na baƙar humra a gabana. Kala ɗaya, kauri ɗaya. Na ɗaga su a rana, na karkata, na duba gindi. Na dubi fuskarta, ta ɗaure ta tamau kamar ƙofar da aka sa wa sakata.

"Ɗaya haɗin uwata ne, na koma masa. Ɗaya kuma wanda kika sa na lalata. Zaɓi."

Hannuna har ya fara tafiya hanci don sabo. Na mayar da shi cinya.

"Yaya, wacce ce mai kyau?"

Ta tura mini ta hagu da ɗan yatsa. Na buɗe jaka na ce ta cika mini da irinta.